Me ya sa layukan sababbin unguwannin Katsina ba sa ɓullewa?

Ɗan Ƙofar Guga

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana awon fili da tsara gari da ke wannan zaure. Duk wanda ya shiga sababbin unguwannin da ke tsirowa a gefen Katsina, ta hanyar Batsari, ko bayan Dandagoro, ko tsakanin hanyar Mani da ta Daura, ya ga abin da zan faɗa. Gida biyu suna hangen juna, tsakaninsu bai wuce jifa ba, amma mai mota sai ya fito bakin kwalta ya yi zagayen kilomita guda kafin ya isa ɗayan. Ka ɗauki layi mai faɗi, ka wuce gida goma, sai ka ci karo da katanga. Ɗan acaɓa ya san haka, shi ya sa yake ƙara kuɗi in ka ambaci irin waɗannan wurare.

Ina son sanin abu uku. Daga ina matsalar take farowa? Akwai yadda talaka zai auna da kansa ya gane unguwa ta tsaru ko ba ta tsaru ba kafin ya sayi fili? Sannan gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da sabuwar hanyar kewaye ta gabas, ba su isa su warware wannan ba? Allah ya saka da alheri.

Safiyo Mai Ritaya

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar tana farowa ne tun ranar da aka yanka gona, kafin a sauke bulo ko ɗaya.

Fili a gefen Katsina iri biyu ne, awon gwamnati da awon igiya. A awon gwamnati ana zana fili mai faɗi a taswira guda, a fitar da hanyoyi tukuna, sannan a jera fuloti a jikinsu. A awon igiya kuwa mai gona ne da dillali da igiyarsu, kuma iyakar tunaninsu ita ce iyakar gonar. Suna barin layi, ba a ce ba sa bari ba, amma layin yana mutuwa a kan iyaka. Bayan shekara uku maƙwabci ya tashi sayar da tasa gonar, shi ma ya ja nasa layin inda ya fi ba shi yawan fuloti. Layin farko ya zo ya tarar da bayan gidan wani. Wani lokaci saɓanin da ke tsakanin layukan biyu bai wuce mita shida ba, amma mita shidan nan ta raba unguwa biyu har abada. Gado kuma yana ƙara dagula abin. Gona mai hekta huɗu in aka raba ta tsakanin magada takwas, kowa yana samun ɗan zirin fili dogo, kuma kowa yana sayarwa lokacin da buƙatarsa ta taso, ba tare da ya tuntuɓi ɗan'uwansa ba.

Ga lissafin da ke sa mai gona ya ƙi barin hanya. Fuloti mai ƙafa 50 bisa 100 shi ne mita 15 bisa 30, wato murabba'in mita 450. In ka jera fuloti takwas a gaba, takwas a baya, suna jingine da juna, ka samu rukuni mai tsawon mita 120 da faɗin mita 60. Ka kewaye shi da layi mai mita 12, to hanya ta ci kashi 24 cikin ɗari na filin, kuma hekta ɗaya za ta ba ka fuloti kusan 17. In kuwa ka ja rukunin ya kai mita 300 ba tare da ka yanka shi ba, ka bar lungu mai mita 3, hanya ba ta ci ko kashi 6 ba, hekta ta ba ka fuloti 21. Bambancin fuloti huɗu ne a kowace hekta. Fuloti huɗun nan su ne dillali yake gani. Abin da ba ya lissafawa shi ne fulotin da ke kan layi mai ɓullewa ya fi na cikin lungu tsada nesa ba kusa ba, kuma ya fi saurin fita, don haka 17 masu hanya sukan kawo abin da 21 marasa hanya ba su kawo ba.

Game da awo, waya ta ishe ka. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth, ka zana murabba'i mai mita 500 ta kowane gefe a kan unguwar. Ƙirga wuraren da hanya uku ko huɗu suka haɗu, ka ninka sau huɗu, ka samu yawan mahaɗa a murabba'in kilomita ɗaya. Hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar mahaɗa kusan 100, da tsawon titi kilomita 18 a kowane murabba'in kilomita, da kuma ware kashi 30 na fili don hanyoyi. Rukunin mita 120 bisa 60 da na kwatanta yana ba da mahaɗa 105. Na mita 300 yana ba da 52 kawai, kuma wannan in duk lungunan sun ɓulle ke nan. Bayan haka ƙirga layukan da suka toshe. In a cikin kowane layi biyar ɗaya ba ya ɓullewa, ka yi hattara.

Awo na biyu ya fi sauƙi. Zaɓi fulotin da kake so da makarantar firamare ko masallacin Juma'a mafi kusa. Auna nisan a miƙe, sannan ka auna nisan da ƙafa za ta bi. Raba na biyu da na farko. A unguwa mai tsari amsar takan tsaya tsakanin 1.2 da 1.3. In ta haura 1.5, kowane aike da kowane zuwa makaranta zai zo da ƙarin rabin tafiya, kullum, har yaran su girma.

Kada ka yarda da layin da aka nuna maka da yatsa a cikin fili fetal. Ka bi shi da ƙafa har ƙarshensa, ka ga abin da ke gabansa. In gona ce ba a yanka ba, ka tambayi mai unguwa ko an yi magana da mai ita.

Injiniyan Hanya

Yallaɓai Safiyo ya kawo tushen maganar. Zan ɗora a kan abin da ke faruwa bayan an gina, don layi ba hanyar mota kaɗai ba ne. Shi ne hanyar ruwan sama, da bututun famfo, da turakun lantarki, da motar kwashe shara. Duk inda layi ya mutu, waɗannan ma sun mutu a nan.

Ruwa ne ya fi tona asiri. Daminar Katsina gajera ce, amma ruwan yana sauka da ƙarfi a Yuli da Agusta, ga ƙasa mai rairayi da ke bin ruwa. Lokacin da wurin yake gona ƙasa na shanye mafi yawansa. Da aka rufe ta da kwano da siminti, ruwan sai ya taru a layi ya nemi gangare. In layin ya toshe a ɓangaren gangare, gidan ƙarshe ya zama madatsa. Za ka ga alamar a jikin katanga: danshi ya hau bulo uku ko huɗu, filasta tana ɓarewa, an jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Mai gidan ya gaji ya huda katangarsa ya tura ruwan bayan gida, rigima ta koma kan maƙwabci. Don haka dokar farko ita ce, layin da ya bi gangare dole ya ɓulle har ya kai ga babbar magudana ko rafi. Tsofaffin hanyoyin ruwa da ke gangarawa Ginzo da Tille ba filin sayarwa ba ne, ko da sun bushe wata tara a shekara.

Me ya sa muke nacewa a kan mita 12? Ga yadda ake kasa ta. Mita 7 a tsakiya don mota biyu su gifta juna. Mita ɗaya kowane gefe don lambatu da katangunsa. Mita ɗaya da rabi kowane gefe don mai tafiya a ƙasa, da turken wuta, da bututun ruwa. Sun cika 12, ba rarar komai. Mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi a ƙaramin layi shi ne mita 9. Motar kwana-kwana da tifa faɗinsu mita biyu da rabi ne, suna buƙatar aƙalla mita huɗu da babu komai a kai, kuma ba sa iya juyawa a layin da ya toshe sai an bar musu da'ira mai faɗin mita 24 ko kusa da haka. Wannan da'ira ta fi fuloti guda cin fili, wato gara a bar layin ya wuce.

Abin da ke cinye layi bayan an bar shi sananne ne. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje don kada ya ci masa tsakar gida, na gaba ya kafa rumfar shago, wani ya yi gangaren shigar mota har tsakiyar hanya. Kowa ya ɗauki mita ɗaya yana ganin ba komai ba ce. Layin mita 9 ya koma 5. Sokawen waje ya fi duka illa, don ranar da aka zo yin lambatu sai an fasa shi, kuma tifa mai yashi takan rufta da murfinsa.

Wajen lambatu, a kula da abu uku. Gangarensa kada ya gaza mita ɗaya a kowace mita 200, in ba haka ba yashi zai kwanta a ciki. Kwalbatin mahaɗa kada ya gaza milimita 600, inda ruwan layi biyu ya haɗu a sa 900, domin ƙarami leda da yashi suna toshe shi a damina ɗaya. Sannan a fara gini daga inda ruwa zai fita a hauro sama. Unguwanni da yawa suna tara kuɗi su fara daga ƙofar gidan wanda ya fi ba da gudummawa, kuɗi ya ƙare a tsakiya, ruwan da aka tattaro ya zube a kan na ƙasa da ƙarfin da ya fi na da. Mai sabon gini kuma ya ɗaga daɓen gidansa santimita 60 sama da layin yanzu, don ranar da aka zuba jar ƙasa aka yi burji, hanyar za ta hau.

Lantarki da famfo ma haka. Bututun da ya zagaya ya haɗu da wani yana samun ruwa ta fuska biyu, in ya fashe a wuri ɗaya sauran gidaje ba su rasa ba. Wanda ya shiga layi ya mutu a can, na ƙarshe ba ya ganin ruwa sai dare, kuma laka a wurinsa take taruwa. Wayar wuta in ta yi zagaye mai nisa daga taransifoma, ta wuce mita 500, gidajen ƙarshe fanka ma da kyar take juyawa. Wani abin lura: ƙarƙashin babbar wayar wuta ba a gini. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 11 ga wayar wuta mai ƙarfin 11kV da 33kV, mita 30 ga 132kV, mita 50 ga 330kV. Duk fulotin da aka yi maka araha a ƙarƙashin waya, ka san dalilin arahar.

Gwaggon Rafin Daɗi

Sannunku da ƙoƙari, Yallaɓai da Injiniya. Ni zan amsa tambaya ta uku, don a nan ake yawan ruɗewa.

Ɗana, dubi taswirar Katsina da kyau. Manyan hanyoyinta daga ƙofofin ganuwa suka fita, kowace ta nufi garinta: Ƙofar Ƙaura ta miƙa Kano, Ƙofar Ƙwaya ta nufi Dutsin-ma, Ƙofar 'Yanɗaka ta yi Batsari, Ƙofar Guga ta yi Jibiya, Ƙofar Sauri ta yi Kaita, Ƙofar Durɓi ta fuskanci Daura. Kamar yatsun hannu suke, suna ƙara nisa da juna gwargwadon yadda ka fita. Ɗauki hanya biyu da tsakaninsu ya kai kilomita ɗaya da rabi a nisan kilomita 2 daga tsakiyar gari. In ka kai kilomita 6, tsakaninsu ya kai huɗu da rabi. Wannan sararin da ke tsakanin yatsu shi ne awon igiya yake cikewa, kuma babu wata hanyar kirki da ta ratsa shi a gicciye. Wanda zai tashi daga wata unguwa ta hanyar Batsari ya je jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a hanyar Dutsin-ma, tafiyar da ta kamata ya yi a gicciye sai ya shigo titin zobe ko cikin gari ya sake fita. Cunkoson da kake gani a Ƙofar Ƙwaya da safe, da yawan masu shi ba cikin gari za su ba, rashin wata hanya ne ya kawo su. Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, da kwalejin ilimi ta tarayya, da jami'ar Al-Qalam, duk a jikin hanyar guda.

Gadar ƙasa tana kwance ƙulli ɗaya, kuma ta yi amfani. Amma ba ta rage yawan waɗanda tilas ta sa su bi ta wurin ba. Hanyar kewaye ta gabas ta fi kusa da maganin, don a gicciye take. Sai dai duk hanyar kewaye tana jan gari zuwa gare ta. Farashin gonakin gefenta yana tashi tun kafin a gama zuba kwalta, a yanka su, a jera shaguna da gidajen mai a bakinta kamar katanga. In ba a tsayar da inda ƙananan hanyoyi za su shigo ta ba, a kowace mita 400 zuwa 500, cikin 'yan shekaru za ta zama wani titin cikin gari mai unguwanni a kulle a bayansa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma haka zai yi inda ya ratsa gefen gari, domin dogo ba a tsallaka shi sai inda aka yi masa mashiga.

Kada kuma a zargi tsohon gari da wannan cuta. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwa da mil 13 zuwa 14, kuma ya tarar da fili mai yawa a ciki ba gidaje.  Lungunan Rafin Daɗi da Yarinci da Gambarawa matsattsu ne, amma suna da yawa kuma suna haɗuwa. Yaro zai fita daga gida ya kai makarantar allo, ya biya kasuwa, ya dawo ta wani lungun daban, a inuwar katanga. An yi su don ƙafa da jaki, kuma sun biya wannan buƙata. Sabuwar unguwar awon igiya ta rasa duka biyun: ba ta da yawan lungunan tsohon gari, ba ta da faɗin titin awon gwamnati.

Girman da ya fi ƙarfin tsari ya zo ne bayan 1987, da aka ƙirƙiro jiha Katsina ta zama babban birni. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katsina mutum sama da 318,000, amma gari ya daɗe da tsallakawa cikin Batagarawa, ga kuma dubban iyalan da rashin tsaro ya koro daga Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda abin da suke iya saye shi ne rabin fuloti a can ƙarshen gari. Ba mu kaɗai ba ne. Wasu masu bincike biyu, Barrington-Leigh da Millard-Ball, sun nazarci taswirar titunan duniya, suka wallafa a 2020 cewa a yawancin ƙasashe titunan da aka shimfiɗa tun daga 1975 sun fi na da rashin haɗuwa da juna. Abin da ya sa wannan ya zama abin tsoro shi ne gida ana rushe shi a sake, amma inda layi ya bi ba ya sauyawa.

Abin yi a gonakin da ba a yanka ba shi ne a riga dillali isa. A zana manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, kilomita ɗaya tsakanin kowace da 'yar'uwarta, a tsaye da a gicciye, ta yadda ba gidan da zai yi nisan fiye da mita 500 da babbar hanya, tafiyar minti shida ko bakwai. Wannan ba ya cin fiye da kashi 6 na ƙasa. Ba sai an zuba kwalta yanzu ba. A biya diyya, a kafa turaku, a wuce da gireda sau ɗaya, a dasa bedi a gefe biyu don kowa ya san hanya ce. Biranen Habasha irin su Hawassa da Adama sun bi wannan tsari tun daga 2013. Kusa da mu ma, bayan ambaliyar 1945 an hau da garin Maraɗi kan tudu aka yanka masa layuka miƙaƙƙu masu gicciye, kuma duk wanda ya je ya ga yadda ake fita ta ko'ina.

Lokaci ne kuɗin. Kilomita ɗaya na irin wannan hanya hekta 3 ce. Yau gero da wake ne a kai. In aka bari aka gine ta, gida sittin da wani abu za a rusa a kowane kilomita. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada tana kan abin da aka gina ko aka shuka ne. Kowace damina da ta wuce, lissafin yana ninkuwa, ga hawayen waɗanda za a tasa.

Ɗan Ƙofar Guga

Na gode ƙwarai, Gwaggo. Amma ga wani hanzari. Mutane da yawa yanzu sun fi son layin da ba ya ɓullewa saboda tsaro, har waɗanda nasu ya ɓulle suna sa masa get. Ba su da gaskiya? Kuma unguwar da aka riga aka gine fa, shi ke nan?

Malam Na Bakin Kasuwa

Malam, tsoronsu gaskiya ne, kuma ba wanda zai raina shi a halin da ake ciki. Amma a duba abin da get yake yi. Layi ɗaya ya rufe, masu wucewa sun koma na kusa, su ma suka rufe, a ƙarshe unguwa mai mashiga takwas ta koma mai guda biyu. Mai naƙuda da ƙarfe biyun dare tana jiran a nemo mai makulli. Layin da ba mai ratsa shi kuma shiru yake yi, mai shayi da mai kanti sun tashi, idon da ke kallon hanya ya ragu. In dole sai an sa, a sa shi da sharaɗi: a rufe daga sha ɗayan dare zuwa kiran assalatu kawai, a bar ƙaramar ƙofa mai faɗin mita ɗaya da ɗan ɗori wadda kurar mai ga-ruwa za ta wuce, makulli ya kasance a hannun mai gadin da ke zaune a wurin, kuma kada a taɓa sa get a layin da ya haɗa unguwa da unguwa. Toshewa da bulo kuwa ba ta da hujja ko kaɗan.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa in aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da 'yan kai. Ma'aunin raƙumi da kayansa ke nan, kuma abin lura shi ne an auna hanya da abin hawan da zai bi ta. Malaman fiƙihu sun bambanta hanya mai ɓullewa da marar ɓullewa. Mai ɓullewa haƙƙin jama'a duka ce, mazauna layin ba su da ikon rufe ta ko cin wani yanki nata. Masu rabon gado su riƙa fitar da hanya kafin a kasa gona, da yardar magada, a rubuta ta a takardar rabo da faɗinta da inda ta nufa. In aka kasa tukuna, ba magajin da zai yarda a yanka daga kasonsa shi kaɗai.

Unguwar da aka gine ba ta gagara ba, matuƙar akwai sauran kangwaye da filayen da ba a taɓa ba. Ba a buƙatar rusau. A fitar da hoton unguwar a babbar takarda, a zauna da mai unguwa da limami, a yi wa duk layin da ya toshe alama. Za a tarar da wurare biyu ko uku inda fuloti ɗaya tak ya raba layi da layi. Waɗannan ake nema. Fuloti mai faɗin mita 15 yana ba da hanyar mita 9, ragowar mita 6 a sayar wa maƙwabcin da ke jikinta ko a yi shaguna, kuɗin ya rage nauyin sayen. Inda ba a samu fuloti duka ba, ko mita 2 aka samu a karɓa. Lungun da makara za ta wuce da masu ɗauke da ita, ɗan makaranta ya bi, ruwan sama ya samu mafita, ya riga ya biya rabin buƙata.

Inda irin wannan aiki yake lalacewa shi ne takarda. An tara kuɗi an saya, an bar takardar da sunan shugaban kwamiti, ya rasu, magada sun tarar da fuloti a cikin dukiya. A rubuta yarjejeniya cewa an saya ne don hanya, da sa hannun mai unguwa da magaji da hakimi, a kai kwafi hukumar tsara birane ta jiha, URPB, da ofishin KATGIS mai kula da taswira da bayanan filaye na jiha, don a shigar da ita taswira. Kuma a fara bin ta a makon da aka saya. Hanyar da ba a takawa, damina ɗaya ta isa wani ya shuka kuɓewa a kai, ta biyu ya kewaye da kara.

Safiyo Mai Ritaya

Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ƙari ɗaya a kan turaku, don turken itace da guntun bulo ba sa kwana biyu. A yi na kankare, faɗin santimita 18 ta kowane gefe, tsawon 75, da guntun rodi a tsakiya, a binne shi a bar kamar yatsa huɗu a sama. A kafa a kowace kusurwa, da kowace mita 30 a gefe biyu na layin. Safiyo mai lasisi ya ɗauki lambobin wurin da na'urarsa, don GPS na waya yana kuskuren mita uku zuwa biyar, wanda ya kai rabin layin. Mai gonar da zai yanka kuma ya kai kowane layi har kan iyakarsa ya bar bakinsa a buɗe, kada ya toshe shi da fulotin ƙarshe, sannan ya kira maƙwabcin gona ya tsaya a wurin ranar da za a kafa turken iyaka, a ɗauki hotonsu tare da mai unguwa a liƙa a bayan takardar.